Kwana huɗu a Bergen cikin Oktoba: in tafi ko in fasa?

Hadiza: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanya. Wurin aikinmu za su tura ni taro a Oslo, babban birnin Norway, tsakiyar Oktoba, in an tashi ina da kwana huɗu kafin jirgina na dawowa. Na daɗe ina ganin hoton jerin gidajen katakon nan masu launi-launi na bakin ruwa a Bergen, raina ya biya. To jiya na buɗe manhajar hasashen yanayi don in ga yadda garin yake ciki, wallahi kwana tara a jere gajimare ne da ɗigon ruwa, ko rana ɗaya babu. Yanzu na rasa abin yi. In yanki tikitin jirgin ƙasa in tafi, ko in yi zamana a Oslo in yi yawona a bushe? Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min gaskiya, ba irin ta Instagram ba.

Ɗan'auta: Anti Hadiza ki tafi mana, amma ki haɗa da kwalekwale a cikin kayanki.

Baffa Isiyaku: Wa alaikumus salam 'yata. Ni na je, cikin Nuwamba, shekarun baya. Kwana uku na yi, ban ga inuwata ba ko sau ɗaya. Aka ce in hau dutsen Floyen in ga garin daga sama, wai babu kallo kamarsa. Na biya kuɗi, na shiga jirgin nan da igiya ke ja a kan dogo, muka hau. Da muka isa abin da na gani shi ne ƙarfen da aka kange wurin da shi, sai wani Bature a gefena yana goge gilashin idonsa. Bayan wannan fari fat, kamar an rataya zane. Muka tsaya minti goma muna kallon hazo, muka kalli juna, muka sauko. Yawon buɗe ido ake cewa ko? To in ido ya buɗe bai ga komai ba, me aka yi ke nan? Ki zauna Oslo.

Hadiza: Kai Baffa, ka kashe min jiki.

Yaya Nura: Baffa, Allah ya ƙara girma, ba musu zan yi da abin da ka gani ba, don ni ma na sha ganin wannan farin zanen. Shekara biyu na yi a garin ina karatu. Amma ƙanwata, kafin ki yanke hukunci ki fara gyara yadda kike karanta hasashen. Wannan ɗigon da kike gani a kan kowace rana ba yana nufin wuni za a yi ana zuba ba. Ko awa ɗaya aka yi yayyafi, za su sa wa ranar hoton ruwa. Ki sauke Yr, manhajar hukumar yanayi ta ƙasar ce tare da gidan rediyo da talabijin na gwamnati, kowa a can ita yake dubawa. Ki bar shafin kwanaki, ki shiga na awa-awa, za ki ga inda aka bar miki ƙofa: ƙarfe goma zuwa sha biyu babu komai, ƙarfe uku ya dawo. Mutanen garin da irin wannan ƙofar suke rayuwa. Kuma duk hasashen da ya wuce kwana uku a wannan gaɓar, ki ɗauke shi a matsayin zance.

Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce kin zaɓi lokaci mai nauyi. Daga Satumba zuwa Janairu nan ne ruwan ya fi yawa. Da zaɓi gare ki da na ce Mayu ko farkon Yuni. Amma ba zaɓi gare ki ba, taro ne ya kai ki.

Baffa Isiyaku: To ka ji. Da bakinka ka faɗa.

Malam Tukur: Bari in sa baki ta fuskar aikina, tunda labarin ƙasa nake koyarwa. Abin da ke faruwa a Bergen ba asiri ba ne. Iska tana tasowa daga yamma, ta ratso Tekun Atlantika, kuma ruwan tekun a wannan yankin ya fi ɗumin da ya kamace shi saboda igiyar ruwan ɗumi da ke gangarowa tun daga mashigin tekun Meziko. Iskar sai ta sha tururi ta ƙoshi. Tana isowa gaɓa sai ta tarar da duwatsu a tsaye, dole ta hau. Duk iskar da ta hau sama sanyi take yi, iska mai sanyi kuwa ba ta iya riƙe tururi da yawa, sai ta sauke kayanta. A ƙarƙashin inda take saukewar aka gina garin. Shi ya sa suke samun sama da milimita 2,200 a shekara, kuma a sama da kwana 200 ake yin ruwan. Oslo da ke bayan duwatsun wajen milimita 800 take samu, domin kafin iskar ta kai can an riga an matse ta. Landan ma da ake ta yi wa tsiyar ruwa wajen 600 ne kawai.

Akwai wani lissafi da suke faɗa da alfahari kamar wata gasa suka ci: daga 29 ga Oktoba 2006 zuwa 21 ga Janairu 2007, kwana 85 a jere, babu ranar da ba a yi ruwa ba.

Ɗan'auta: Malam, kai a wane ɓangare kake ne? Ka zo taimakon Yaya Nura ko ka zo binne shi?

Malam Tukur: Ina ɓangaren ma'aunin ruwa, ɗana.

Kyaftin Sani: Malam, lambobinka daidai ne amma za su iya ruɗa ta. Ni aikin jirgin ruwa na yi, na sauka tashoshi da dama. In yawan ruwa ake magana, Bergen yaro ne. Monrobiya tana samun sama da milimita 4,000 a shekara. Konakiri a watan Yuli kaɗai sai ta kwashi abin da ya haura 1,000. Mumbai kusan abin da Bergen ke samu a wata goma sha biyu shi take samu tsakanin Yuni da Satumba. A waɗannan garuruwan hadari ne zai haɗu, gari ya yi baƙi, a yi tsawa, a sako shi kamar da bakin ƙwarya, titi ya zama kogi, mota ta tsaya, kowa ya nemi mafaka. Amma da ɗumi, kuma in ya ɗauke ya ɗauke. Na Bergen ba haka yake ba. Ba kasafai yake hana ka tafiya ba, jirgi na tafiya, bas na tafiya, yara na zuwa makaranta. Sai dai ba ya sallama. Ya yi yayyafi, ya tsagaita, ya dawo da iska, ya koma wani abu da ba ruwa ba ba hazo ba, wanda ba ka jin saukarsa sai dai ka ga rigarka ta yi nauyi. Ga sanyi. Digiri takwas ko tara a Oktoba, in ka jiƙe kuma iska ta buge ka, sai ka rantse ƙanƙara ce.

Don haka tambayar da za ta yi wa kanta ba "za a yi ruwa?" ba ce. Za a yi. Ta tambayi kanta ko tana iya wuni a waje cikinsa ba tare da ranta ya ɓaci ba.

Hadiza: Kyaftin wannan ita ce tambayar. Ni dai ina da lema babba mai ƙarfi, na ɗauka ta isa.

Yaya Nura: Hahaha. Ƙanwata, lema ce abu na farko da Bergen ke karɓa daga hannun baƙo. Ruwan can ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, daga gefe yake zuwa, iskar teku na turo shi. Ki je bakin tashar jiragen ruwa bayan an yi iska ki leƙa kwandon shara, za ki ga ƙarafunan lema a tsaye kamar ƙafafun gizo-gizo. Tawa ta farko kwana biyu ta yi. Ina tsallaka titi iska ta shige ƙarƙashinta ta juye ta, na tsaya a tsakiyar hanya riƙe da sanda da tsumma, ruwa ya daki babban zakara.

Rigar ruwa za ki nema mai hula, wadda hular ke da igiyar tsukewa. Ki juya cikinta ki duba ɗinkin, in ba a liƙe shi da wani siririn tef ba ki ajiye ta, ta nan ruwa ke shiga ko da yadin mai kyau ne. Za ki ga wasu an rubuta musu lamba, 5,000 ko 10,000 ko 20,000. Ma'anarsa tsayin ruwan da yadin zai iya ɗauka a kansa, a milimita, kafin ya fara yoyo. In kin sami ta 10,000 ta ishe ki yawon gari. Ki haɗa da wandon ruwa da ake sawa a kan tufafi, na san ba ya kyau a hoto, amma ruwan da rigar ta tare duk a cinya yake sauka. Kada ki kuskura ki sa wandon jins. In ya jiƙe sai ya kwana biyu bai bushe ba, kuma yana manne wa fata kamar ƙarfe mai sanyi. Haka duk kayan auduga. Abin da zai taɓa jikinki ya zama ulu ne mara kauri, shi ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. A kansa suwaita, a kanta rigar ruwan.

Amma duk wannan ba shi ne babba ba. Babban shi ne ƙafa. Mutum na iya jure jiƙaƙƙiyar kafaɗa wuni guda yana dariya, amma da zarar ruwa ya shiga takalmi yawo ya ƙare, duk abin da aka nuna maka ba za ka gani ba, tunaninka na kan yatsunka. Takalmi biyu za ki ɗauka, ɗaya a ƙafa ɗaya na bushewa. Da dare ki cire shimfiɗar ciki, ki cusa masa tsohuwar jarida, ki ajiye shi a ƙasan banɗaki. Yawancin banɗakunansu akwai wayar ɗumama a ƙarƙashin tayil, kafin safe ya bushe. Kuma ki kula da tafin takalmin, titunan tsohon gari na jeren dutse ne, lungunan Bryggen, unguwar gidajen katakon nan na bakin ruwa, kuma katako, in sun jiƙe santsi gare su ba kaɗan ba.

Baffa Isiyaku: Ku ji fa. Riga, wando, ulu, takalmi biyu. Yarinya za ta je hutu ne ko za ta je kamun kifi? Kuma a ƙasar da kowa ya san tana cikin mafiya tsada a duniya. Nura, ka lissafa mata kuɗin wannan kayan ka ɗora a kan na jirgi da na otal, sannan ka gaya mata abin da za ta samu a madadinsa shi ne wataƙila ta ga gari, wataƙila ta ga farin zane.

Yaya Nura: Baffa ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ta nemi kayan tun kafin ta tashi, ko ta ara. In ta bari sai ta isa can ta saya, to lallai kurona, kuɗin ƙasar, za ta yi kuka. Kuma ko Oslo ta zauna a Oktoba sai ta buƙaci rabinsu.

Maman Iman: Ni kuskuren da na yi ba na kaya ba ne, na tsari ne, kuma shi nake so Hadiza ta guje wa. Mun je da maigida da yara biyu. Tun muna gida na tsara komai a takarda: Litinin dutse, Talata jirgin ruwa zuwa cikin fiyod, wato siririn reshen teku da ya kutsa tsakanin duwatsu, Laraba gidajen tarihi. Na biya kuɗin jirgin ruwan tun sati uku kafin mu tashi don an ce ya fi sauƙi. Ranar Talata gari ya waye a rufe ruf. Na je na roƙi kamfanin su mayar mana Laraba, suka ce tikitin da na saya ba a canza shi. Muka shiga haka nan, awa uku muna zaune a ciki muna kallon tagar da ta yi gumi, ƙaramar tana ta amai. Laraba kuwa, ranar da na ware don shiga ɗaki, rana ta fito tar, mu kuma muna cikin gidan tarihi muna leƙenta ta taga, don shi ma na riga na biya. Har yau in maigida na son tsokanata sai ya ce "ina takardar?"

Ki riƙe abubuwa kashi biyu a kanki, na rana da na ruwa, kada ki ɗaura wa kowanne rana. Da safe ki duba sama ki zaɓa. Duk abin da kallo ne daga nesa kada ki biya sai ranar. A Oktoba baƙi sun ragu, ba za ki rasa wuri ba.

Abin da ya ba ni kunya kuma, muna rakuɓe a ƙofar wani shago muna jiran ya tsagaita, sai ga 'yan makarantar reno an jero su, 'yan shekara uku da huɗu, kowanne cikin rigar roba tun daga wuya har ƙafa, suna tsalle cikin kududdufi, malamarsu ko a jikinta. 'Yata ta dube ni ta ce Mama mu me ya sa muke ɓuya?

Yaya Nura: Maman Iman ta gama magana. Ƙari ɗaya: akwai kyamara a saman Floyen da saman Ulriken da ke nuna wurin kai tsaye a intanet. Kafin ki fita ki duba. Da Baffa ya duba da bai biya kuɗin kallon Bature na goge gilashi ba. Floyen mita 320 ne inda jirgin ke tsayawa, tafiyar ba ta kai minti goma ba, kuma tashar ƙasa tana tsakiyar gari, don haka da kin ga gari ya washe ki ajiye duk abin da kike yi ki ruga. Ulriken mita 643 ne, shi ya fi duka duwatsu bakwai da ke kewaye da garin tsawo, sau da yawa kansa na cikin gajimare alhali Floyen na fili. Akwai hanyar ƙafa tsakanin su biyun ta saman tsauni, wajen awa biyar, amma wannan ba taki ba ce a Oktoba ke kaɗai. Hazo na saukowa a rasa hanya, kuma rana na faɗuwa wajen shida da rabi.

Baffa Isiyaku: Lokacin da na je wayata ko hoto ba ta ɗauka, wace kyamara.

Injiniya Bala: Ina ta karatu ban yi niyyar magana ba, amma akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma shi ya fi burge ni a garin. Waɗannan gidajen da Hadiza ta gani a hoto, Bryggen ke nan. Fataken Jamus na ƙungiyar Hansa ne suka kafa ofishinsu a wurin wajen 1360, suka riƙe shi kusan shekara ɗari huɗu. Busasshen kifi ake kawowa daga arewacin ƙasar, su kuma su kawo hatsi. Gidajen da ke tsaye yanzu an gina su ne bayan gobarar 1702, amma a kan tsarin da, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1979. Abin mamaki, garin da ruwa ya yi wa yawa haka, wuta ce ta fi cinye shi. Saboda tsoronta an hana kunna wuta a cikin jerin gidajen gaba ɗaya, duk sanyin nan. Yaran fatake a cikin wasu akwatunan katako masu ƙofa suke kwana, kamar kabad. Girki da jin ɗumi sai a wasu ɗakuna na daban da aka ware can baya.

To ga inda aikina ya shigo. Ƙasar da gidajen ke kai ba ƙasa ba ce ta asali. Duk gobarar da aka yi sai a ture toka da guntayen katako da shara cikin ruwa, a yi gini a kai, a ƙara matsawa cikin teku. Haka aka tara mitoci na tsohon katako a ƙarƙashi. Katako kuwa in yana nutse cikin ruwa ba ya ruɓewa, don iska ba ta kai gare shi. Da aka yi wani babban gini a gefe aka riƙa janye ruwan ƙasa, sai ruwan ya ja baya, iska ta shiga, katakon ya fara ruɓewa, gidajen suka fara nutsewa. Maganin da aka yi shi ne a daina korar ruwan sama zuwa teku, a riƙa tara shi ana mayar da shi cikin ƙasa ta wasu ramuka da lambuna da aka yi musamman a bayan gidajen. Ni da na je, rabin awa na yi a tsaye cikin yayyafi ina kallon yadda ruwan indararo ke bin hanyarsa yana shigewa ƙasa, matata na ta jan hannuna. Wato Baffa, ruwan nan da ya hana ka kallo, shi ke riƙe da gidajen da ake zuwa kallon.

Baffa Isiyaku: Injiniya, Allah ya ba ka lada, na ƙaru. Amma ka lura kai kaɗai ne a zauren nan za ka biya kuɗin jirgi ka je kallon magudanar ruwa.

Ɗan'auta: Baffa 1, Injiniya 0.

Anti Rabi: Hadiza 'yar uwa, in ruwa ya hana ki fita, akwai wurin da ni ban manta da shi ba har yau. Tsohon asibitin kutare na St. Jorgen, an mayar da shi gidan tarihi. Mu ma'aikatan lafiya mun san cutar da sunan Hansen, to a garin nan ne likita Armauer Hansen ya gano ƙwayar da ke kawo kuturta a 1873, lokacin da yawancin likitoci ke cewa gadonta ake yi. Ban taɓa kawowa a raina cewa kuturta ta taɓa addabar Turawan arewa haka ba, amma a ƙarni na 19 asibitin kutare uku ne a Bergen kaɗai. Ɗakunan 'yan ƙanana ne, jere a kewaye da wani babban zaure, mutum biyu a ɗakin da da ƙyar za ka miƙe hannu. Marasa lafiya na ƙarshe a wurin sun rasu a 1946. Kuma ba su ɓoye laifin likitan ba: ya taɓa gwada sa wa wata mata cutar a ido ba da yardarta ba, aka kai shi kotu, ya rasa muƙaminsa a asibitin da yake aiki. Ranar da na je ruwa na dukan rufin, babu kowa sai ni da mai tsaron ƙofa. Na fito jikina a sanyaye.

Yaya Nura: Anti, wurin nan yawanci lokacin zafi kawai yake buɗewa, ina jin a Oktoba za ta tarar da shi a kulle. Ta duba kafin ta taka. Wurare da dama haka suke rage awanni in kaka ta shiga. Waɗanda za ta dogara da su su ne gidajen zane na KODE a bakin ƙaramin tafkin tsakiyar gari, da gidan tarihin Bryggen inda aka ajiye abin da aka tono bayan gobarar 1955, har da ɗaruruwan 'yan sanduna da mutanen zamanin da suka yi rubutu a kansu, wasu na ciniki wasu na soyayya. Sannan ta tuna ranar Lahadi manyan shaguna a rufe suke.

Anti Rabi: Ayya, ni a Yuli na je. Na gode da gyara ƙanena.

Malam Tukur: Wani abu da ya kamata a sa a ma'auni: hanyar kanta. Jirgin ƙasa daga Oslo zuwa Bergen wajen awa bakwai ne, an buɗe layin a 1909, yana hawa har tashar Finse mai tsayin mita 1,222. Duk abin da na bayyana ɗazu za ta gan shi da idonta ta taga: ta bar gabas a bushe, ta hau tsauni inda watakila ƙanƙara ta riga ta sauka, ta gangara yamma inda kowane dutse ke zubar da ruwa. Ta ɗauki na safe, in ta ɗauki na yamma rabin hanyar a duhu za ta yi. Kuma magangarun ruwan nan da ake ɗauka a hoto, bayan kwana biyu ana zuba ne suke cika su yi ƙara. Wanda ya je a makon rana siraran zare yake gani.

Kyaftin Sani: Fasfo da waya a cikin leda mai zif, ko da jakar an ce ba ta shan ruwa. Na taɓa ganin fasfon da hatiminsa ya narke, mai shi ya sha tambayoyi a filin jirgi.

Hadiza: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baffa ka yafe ni, na yanki tikitin. Na safe, gefen taga. Gani ya kori ji.

Baffa Isiyaku: Allah ya kiyaye hanya 'yata. In kin ga Baturen nan a sama ki gaishe shi, ina jin har yanzu yana can yana jira.

Hadiza: Salam 'yan zaure, na dawo lafiya, ga rahoto kamar yadda na yi alkawari. Malam, a Finse ƙanƙara ce fari ƙal, bayan awa ɗaya kuma muna gangarawa ruwa ya fara dukan taga, bai daina ba har muka shiga gari. Ranar farko da ta biyu ruwa. Ba zan yi ƙarya ba, yammacin rana ta biyu na zauna a bakin gado na ce Baffa ya fi ni gaskiya. Takalmin da na ɗauka mai hana ruwa ne ashe iyakarsa awa biyu, na dawo ina tafiya yana ƙara kamar na taka kwaɗo. Dabarar jarida da ƙasan banɗaki ta yi aiki, Yaya Nura Allah ya saka.

Bryggen kuwa cikin ruwan na shiga, kuma ina ganin gara haka. Babu kowa a lungunan, katakon ya yi baƙi yana ƙyalli, ga wani ƙamshi kamar na kwalta da tsohon itace. Gidajen sun karkace sun jingina da juna, in ka ɗaga kai sama 'yar siririya kake gani. Injiniya, na je bayan na nemo ramukanka, na same su, na tsaya minti biyu don girmamawa.

Rana ta uku ƙarfe tara da 'yan mintuna ina karyawa na duba kyamarar, sai na ga gari a fili. Na bar shayin a kan tebur na fita da gudu. Daga sama na ga tashar jiragen ruwa gaba ɗaya, da tsibirai a jere har inda ido ya ƙare, rufin gidaje duk a jiƙe rana na dukansu suna walƙiya. Ina tsaye na hango wani baƙin labule ya taso daga teku yana tahowa, yana haɗiye tsibiran ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa kusa da ni ta dube shi, ta dubi agogonta, ta ja zif ɗin rigarta har wuya ba ta ce komai ba. Ni ma na ja nawa. Kafin sha ɗaya da rabi ya iso.

Baffa Isiyaku: Barka da dawowa. Wato awa biyu a cikin kwana huɗu.

Hadiza: Awa biyu da kwata Baffa.

Ɗan'auta: Anti, lemar fa?

Hadiza: Na ƙi jin magana na tafi da ita. Tana cikin kwandon shara na bakin kasuwar kifi, na tarar da guda uku a ciki kafin tawa.

Maman Iman: Hadiza turo min hoton rigar da kika saya ta akwatin sirri, da lambar da ke jikinta. Maigida ya fara maganar Mayu, ni kuma tawa tun waccan tafiyar take yoyo a kafaɗa.